Dodon Koɗin Da Ke Numfashi A Ruwa Da Tudu Ya Zama Annoba Ga Manoman Shinkafa A Kenya

A shekarar 2020 ne masana suka tabbatar da ɓullar wani nau'in dodon koɗi mai suna Pomacea canaliculata a yankin noman rani na Mwea da ke gundumar Kirinyaga, inda ake noma mafi yawan shinkafar ƙasar Kenya. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, musamman Ajantina da Yurugwai. An kai shi Taiwan wajen shekarar 1980 da nufin kiwo domin ci, amma kasuwarsa ba ta karɓu ba, sai ya ɓalle zuwa gonaki, ya bazu har Filifins da sauran ƙasashen Asiya masu noman shinkafa.

Abin da ya sa yake da wuyar kawarwa yana cikin halittarsa. Yana da gaɓar numfashi irin ta kifi, yana kuma da huhu. Idan iska ta yi ƙaranci a cikin ruwan da ya kwanta, sai ya miƙo wani ɗan bututu sama ya shaƙa. Idan aka janye ruwa daga gona kuwa, sai ya nutse cikin taɓo, ya toshe bakin ƙoƙonsa da marufi, ya yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Saboda haka busar da gona bayan girbi ba ya gamawa da shi.

Ƙwansa ma ba a cikin ruwa yake saka shi ba. Da dare macen kan hau karan shinkafa ko bangon magudanar ruwa, ta manna curin ƙwai masu launin ruwan hoda, sau da yawa ɗaruruwa a curi guda, su ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙwan na ɗauke da guba, shi ya sa tsuntsaye ba su cika kula shi ba. Sai dai a nan rauninsa yake, domin launin na tona asirinsa daga nesa, kuma ƙwan da aka murƙushe ko aka kaɗe cikin ruwa tun yana sabo ba ya ƙyanƙyashewa.

Ɓarnar ta fi muni a makonnin farko bayan dashe, lokacin da shukar take da taushi. Manoman Asiya kan rage zurfin ruwa a wannan lokaci don hana shi yawo, su dasa irin da ya ɗan yi ƙwari, su sa raga a mashigar ruwa, su kuma saki agwagi su tsince shi kafin dashe.

Gonakin da ke shan ruwa daga magudana ɗaya, kamar yadda tsarin yake a Kadawa da Bakolori, su ne irin muhallin da ya fi yi masa daɗi, domin ruwan da ke rayar da shuka shi ke ɗaukar 'ya'yansa daga wannan gona zuwa waccan.