Altaneta Ta Mutu, Mota Na Ta Gudu

Tsohuwar motar dizal akwai haƙuri, kuma wannan haƙurin ne yake yaudarar direba. Injin irin na Marsandi 911 ko tsohuwar DAF ba ya amfani da fulogi. Matsin iska ne ke kunna man, famfon mai kuma injin da kansa ke juya shi. Don haka altaneta, wadda aikinta shi ne mayar wa batir wutar da aka ci, tana iya mutuwa tun daga Zariya, mota ta yi ta tafiya ba ko tari. Sai dare ya yi, fitilu sun fara ja kamar garwashi, ko a kashe mota a Mokwa a ci abinci, a dawo kik ya ce bai san zancen ba. Nan take sai a ɗora wa batir laifi, a sayo sabo, shi ma kwana biyu ya kwanta.

Gwajin gaskiya ba ya cin minti biyar in akwai mita. Yawancin manyan motocin nan batir biyu ne masu bolt 12 aka haɗa suka ba da 24. A kashe, mita za ta nuna wajen 25. Injin na aiki, ya kamata ta hau kusan 28. In ba ta motsa ba, babu caji. In ta kai 30, regileta ta lalace, batir zai yi ta tafasa yana ƙone ruwansa. Amma har gobe akwai masu wayarin da ke zare kan batir alhali injin na aiki, wai su gani ko altaneta na caji. Wannan dabara ta zamanin dinamo ce. A altaneta, wutar kan yi tsalle ne ta ƙone dayod, sai mai magani ya zama shi ne ya kashe majinyacin. Haka ma yin walda a jikin mota ba tare da an cire wayoyin batir da na altaneta ba.

Kafin a kwance altaneta a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman ta Beljiyam, a duba ƙananan abubuwa. Fambel in ya saki zamewa yake yi, in an ɗaure shi tamau kuma ya cinye boris. Wayar as da ta yi tsatsa kan hana caji isa batir. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan ƙwan nan ja na dashbod: a tsofaffin motoci da yawa ta cikinsa wutar farko ke bi ta tayar da altaneta. In ya ƙone, lafiyayyar altaneta na iya ƙin caji. Direban da ya murɗa makulli bai ga jar fitilar ta kama ba, kada ya yi murna.

Sauran ɓarnar ta muhalli ce da hali. Baƙin mai da ke ɗiga daga injin ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama taɓo, ya toshe hanyar iska, ya danne burushi. Ga fitilun ado da ake jera wa mota kamar amarya, alhali altanetar tsohon yayi ba a yi ta don wannan kaya ba. Ga yaron mota da ke jan wutar rediyo da cajin waya daga batir ɗaya cikin biyun. Wannan ya riƙa ramewa, ɗan'uwansa na shan cajin da ya fi ƙarfinsa, har su mutu tare a tsakiyar daji.