Sa'ad Da Aya Ta Yi Mana Nauyi

Karatunmu na yau yana cikin Fitowa 20:5-6, inda Ubangiji ya yi kashedi cewa laifin iyaye yakan bi 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu.

Wannan aya ta dami mutane da yawa a ƙasarmu. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara kamar 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Iyaye ne suka kawo duwatsun zinariya gida, aka niƙa su a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san akwai dalma a ciki. A lokacin wani dattijon ikkilisiya ya buɗe mana wurin nan, ya ce, "Fasto, ashe alhakin iyaye ne Allah ya ɗora wa jariran nan?"

Kada mu ji kunyar irin wannan tambaya. Manzo Bitrus da kansa ya yarda akwai abubuwa masu wuyar fahimta cikin wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16). To, yaya za mu yi?

Da fari mu karanta abin da ke gaba da abin da ke baya. Ayar tana cikin dokar da ta hana sujada ga gumaka, tana kuma magana a kan masu ƙin Allah. Aya ta 6 kuwa ta miƙa ƙaunarsa ga dubbai. A ɗora uku da huɗu a gefe guda na ma'auni, dubbai a ɗaya gefen, a ga inda ya rinjaya. Tsara huɗu kuma ba baƙon abu ba ne gare mu: kaka, uba, ɗa da jika, tukunya ɗaya, kamar gidan gandu. Abin da maigida ya shigo da shi, kowa sai ya sha.

Sa'an nan mu bar Littafi ya fassara Littafi. Musa ɗin nan ne ya hana a kashe 'ya'ya saboda laifin iyaye (Maimaitawar Shari'a 24:16), sarki Amaziya kuwa ya kiyaye wannan, ya hukunta waɗanda suka kashe mahaifinsa, ya bar 'ya'yansu (2 Sarakuna 14:6). Da Yahudawa suke bauta a Babila suna kukan cewa zunubin kakanni suke biya, Ezekiyel 18 ya amsa musu cewa kowa zai ɗauki nasa. Saboda haka sakamako daban, hukunci daban. Ƙurar dalma ta shiga jinin yaro domin an niƙa dutse kusa da shi. Wannan sakamako ne, ba shari'ar Allah a kan jariri ba. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitocin MSF kuma suka ba da magani, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Yesu ma an kawo masa tambayar, a kan mutumin da aka haifa makaho (Yahaya 9). Bai ɗora wa mutumin ba, bai ɗora wa iyayensa ba, ya warkar da shi. Haka ya ƙi a kira mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta auka wa mafiya zunubi (Luka 13:4). Mu tuna da wannan kafin mu buɗe baki a kan manoman da jirgin ruwa ya kife da su kusa da Gummi a Satumba 2024.

Duk da haka ba mu ƙare wa dattijon nan tambayarsa ba. Don me Allah bai tsare yaran ba tun farko? Mun yi shekaru a makarantar tauhidi, ba malamin da ya ba mu wannan amsa. Muka gaya masa haka, muka karanta Zabura 13 tare, muka yi addu'a domin iyayen.