Labarina da Kwana Casa'in a Bakin 'Yan Kallo

Tun da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan CD a Kano, fim ɗin Hausa ya koma mai dogon zango, ya kuma kama ƙarshen mako ya riƙe gam. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta saba wa jama'a da jiran ranar shiri: Daɗin Kowa daren Asabar, Kwana Casa'in daren Lahadi, daga baya Labarina ya zo ya mallake daren Juma'a. Wanda aka ɗauke wa wuta sai ya sayi data ya shiga YouTube, ko ya miƙa wayarsa ga masu tura fim a bakin titi. Kafin hantsin Litinin kowa ya gani, kowa kuma yana da ta cewa, daga teburin mai shayi zuwa shagon tela, daga cikin Adaidaita Sahu zuwa ɗakin malaman makaranta.

Wannan hira ta tsaitsaye ina ɗaukarta da muhimmanci. Mai yin ta bai damu da inda aka kafa kyamara ba, bai san sunan marubuci ba, abin da ya kwana a ransa kawai yake amayarwa. Don haka duk mai son sanin abin da fim ya bar wa mutane, ya kasa kunne ranar Litinin. Idan ka saurara da kyau za ka ji cewa Labarina da Kwana Casa'in hira iri biyu suke haifarwa, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya kalle su duka.

Labarina aikin Malam Aminu Saira ne, kuma hannunsa a bayyane yake. Mutumin da ya ba da umarnin Ga Duhu Ga Haske da Ashabul Kahfi ya san yadda ake haska fuska, ya san lokacin da za a yi shiru a bar ido ya yi magana, ya san inda zai sako muryar Naziru Sarkin Waƙa ta ƙarasa abin da baki ya kasa faɗa. Shirin ya fito a 2020, shekarar da korona ta zaunar da mutane a gida, ya tarar da masu kallo a shirye. Ga Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, ga Mahmud na Nuhu Abdullahi, talaka mai hidima da haƙuri, ga Presdo ɗan masu hali. A gefe kuma ga Rabi'u Rikadawa a rigar Baba Ɗan Audu, dattijo mai kwaɗayi da zaƙin baki, wanda da yawa suke jiran fitowarsa fiye da ta masoyan.

Hirar da wannan shiri ke tayarwa ta ɓangaranci ce, kuma da zafinta. “Wallahi Sumayya ba ta kyauta ba.” “To ita ta ce ya yi mata hidima?” “Ni dai Presdo ya fi ba ni tausayi.” Za ka ga matar aure da ƙanwar mijinta sun rabu gida biyu a kan wanda ya dace yarinyar ta aura. Da labarin ya kashe Mahmud kuwa, mutane sun yi fushi na gaske, wasu har suka ce sun bar kallo.

Akwai masu raina irin wannan hira, su ce zancen soyayya ne na mata da yara. Ban yarda da su ba. Tambayar da ke ƙarƙashin Labarina tsohuwa ce a ƙasar Hausa: tsakanin mai sonka da mai kuɗi, wa iyaye za su bai wa 'ya, kuma ina ra'ayin ita 'yar? Ita ce tambayar da ta sa littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zagaye gidaje a farkon shekarun 1990, sai dai a can yarinyar ce 'yar masu kuɗi, saurayin ne talaka. Matar da ke jayayya a kan Sumayya, a zahiri maganar lefe take yi, da kayan ɗaki, da bashin da uba ke ci don ya fita kunyar surukai, da ƙanwarta da aka aurar ba da son ranta ba. Ba ta da wani zauren da za ta faɗi waɗannan kai tsaye, sai ta rataya su a wuyan 'yar fim. Shirin da ya buɗe wa mata wannan ƙofa ya yi aiki babba.

Kwana Casa'in kuwa ya fito ne a 2019, ƙarƙashin umarnin Salisu T. Balarabe, daidai lokacin da ƙurar babban zaɓe ba ta gama lafawa ba. A Kano ma sai da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba, aka sake zaɓe a wasu mazaɓu. Cikin wannan yanayi aka kawo wa mutane wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, saura kwana casa'in a kaɗa ƙuri'a. Gwamna Bawa Maikada yana neman zarcewa ko ta halin ƙaƙa, malamin makaranta Malam Adamu ya fito takara da hannu biyu babu komai, ɗan jarida Sahabi yana tono abin da ake binnewa. Sani Mu'azu, tsohon hannu daga Jos, ya riƙe rawar gwamnan ba tare da hargagi ba. Murmushinsa ya fi tsawa ban tsoro, domin duk wanda ya taɓa zuwa gaban mai mulki da buƙata ya san irin wannan murmushi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda hirar Kwana Casa'in ba ta daɗewa a cikin Alfawa. Mutum zai fara da “ka ga abin da Bawa Maikada ya yi jiya?”, kafin shayinsa ya huce ya koma kan asibitin garinsu da babu magani, da albashin da aka riƙe, da takin da aka raba wa 'yan jam'iyya, da yaran unguwa da ake bai wa ƙwaya a tura su rumfar zaɓe. Basakkwace zai rantse da gwamnansu ake, mutumin Bauchi ya ce a'a, nasu ne sak. Ƙirƙirar jihar da babu ita a taswira dabara ce mai kyau: ta kare masu shirin daga a ce sun zagi wane, ta kuma bar kowa ya ɗora hular a kan wanda ta dace da shi. Da aka ɗora Malam Adamu a kujera, shirin bai tsaya ya ce an gama ba. Ya nuna mutumin kirki kewaye da 'yan kanzagi da masu jiran a biya su ladan wahala. Nan hirar ta ƙara nauyi, don mutane sun fara tambayar juna ko gaskiyar mutum ɗaya tana isa ta gyara gwamnati.

Ta fuskar kyan hoto da sauti da sutura, Labarina ya sha gaba, wannan ba abin musu ba ne. Kwana Casa'in yakan cika da zaman ofis, mutum biyu suna doguwar magana kamar masu karanta takarda, wani lokaci kuma saƙon yakan fito tsirara har ya zama wa'azi. 'Yan wasansa sun yi yawa, wasu zaren labarin sukan ɓace ba a ƙulle su ba.

Sai dai akwai gwajin da ya nuna inda ƙarfin kowanne yake. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, aka kawo Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya, hirar Litinin ta bar labarin ta koma kan fuska: wa ta fi dacewa, wa ta fi iya kuka. Daga baya Saira ya rufe wancan babi ya buɗe sabo da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talauci don ya gane mai sonsa tsakani da Allah. An kalle shi ƙwarai, amma dabarar tsohuwa ce, kuma tana da illar da ke damuna: talakan da ake tausaya wa tun farko mai kuɗi ne, ladan yarinyar kirki kuma a ƙarshe shi ne katafaren gida da mota. Saurayin da ke tura baro da gaske ba shi da rabo a wannan lissafi. Kwana Casa'in ma ya sauya 'yan wasa, bai girgiza haka ba, domin jihar ce ginshiƙinsa. A ɗauke fuska ɗaya, Alfawa tana nan da asibitinta da gidan rediyonta da 'yan jagaliyarta.

Saboda haka idan wani ya ce mini datarsa ta dare ɗaya ce, zan ce ya nemi zangon farko na Kwana Casa'in. Kuma zan ce ya lura da Hajiya Rabi, matar Bawa Maikada, domin a wurinta ne shirin ya taɓo abin da Labarina ya ƙware a kai. Duk lokacin da kyamara ta bar ofishin gwamna ta shiga falonsa, aka ga yadda ake ƙulla kwangila da muƙami a tsakanin miji da mata da 'yan'uwa, sai matan da ba su cika shiga hirar siyasa ba su karɓe zancen, maza su koma sauraro. Wannan fili har yanzu marubutan Kannywood ba su nome shi sosai ba. Ina son in ga shirin da zai ɗauki yarinya irin Sumayya, da lefenta da rigimar gidansu, ya zaunar da ita a Alfawa saura kwana casa'in zaɓe, ubanta yana bin ɗan takara bashin alƙawari, mai neman aurenta kuma yaron gidan gwamna ne.