Asusu da kwaɗo uku, kwamfuta ba ko ɗaya



Kowace daga cikinmu ta san akwatin asusu. Kwaɗo uku, makulli uku, kowane a hannun mace dabam, akwatin kuma ya kwana gidan ta huɗu. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya faro a jihar Maraɗi a 1991, har ya kai Damagaram da Tawa da Yamai, abin da ke riƙe da shi amana ce. A cikin taro ba mu da ɓoyo. Wadda ta ɗauki bashi, a gaban kowa take ɗauka. Amma abin da aka faɗa bisa tabarmar taro, nan yake tsayawa. Ni ce na karya wannan doka ba da sanina ba, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Damina biyu da suka wuce ruwa ya shiga ɗakina ya jiƙa kayen ƙungiya, rubutun wata uku ya narke. Sai babban ɗana ya samo mini kwamfuta ta hannu, ya koya mini zuba lissafi cikin Excel: suna, zubi, bashi, tara, ranar biya. Na ji daɗi ƙwarai. Ni da na koyi baƙi da girmana a karatun manya, ga ni ina danna na'ura! Abin da ban lissafa ba shi ne kwamfutar a falo take kwana. Yara na kallon fim a ciki, ɗiyata na aikin lakkwal, ƙanen maigida kan zo ya buga takardar neman aiki.

Shi ne wata rana ya ga fishiye mai suna "Bashin mata". Da hannuna na sa mata sunan. Ya buɗe, ya ga sunan maƙwabciyarmu da jikka 40 a gabansa. Bai yi da mugunta ba, baki ne kawai. Ya faɗa a fadarsu wajen shan shayi, kwana biyu magana ta kai kunnen mijinta. Kuɗin na sayen gyaɗa ne, tana mai da ƙuli-ƙuli. Maigidan ya ce tun da akwai kuɗi a gidan, a kawo rabi. Mako uku ba ta zo taro ba. Ranar da ta zo, ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni ta ce: "Yaya, ke na ba amana ko ƙanen mijinki?"

Ban sami abin cewa ba.

Dubarar farko da ɗana ya kawo ita ce ya ɓoye dosiyen, a daina ganinsa. Ɗiyata ta kwaleji ta fiddo shi kafin in gama ɗaura kallabi. Akwai wurin da ake dannawa duk abin da aka ɓoye ya bayyana, kuma yaran yanzu sun san shi kamar hanyar rijiya. Ɓoye dosiye ko canza masa suna daidai yake da tura kuɗi ƙarƙashin katifa: mai shara zai gani.

Abin da ya fara aiki shi ne raba ɗakuna. Windows na bari kowane mutum ya sami nasa kwant, da sunansa da kod ɗinsa, ya shiga ya tarar da kayansa kaɗai. Sai dai a nan akwai abin da mata da yawa ba a faɗa musu ba. Kwant iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa, akwai kuma na mai iko, wanda aka rubuta Administrateur a ƙarƙashin sunansa. Mai iko kamar mai riƙe da makullan gida duka ne, in ya so yana iya leƙa ɗakin kowa. Kuma galibi wanda ya shirya miki na'urar shi ke riƙe da wannan matsayi, wato ɗanki ko mai gyara. In kwamfutar taki ce, ki zauna kusa da shi, ki ga ya maida ke mai iko, yara kuma su koma kwant na kowa da kowa. Kod ɗin ke za ki buga, shi ya juya baya. Ba rashin yarda ba ne, ko ma'ajiya ba ta riƙe makulli uku.

Sannan ki koyi wannan, ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido: in za ki tashi, ko tukunya za ki duba, ki danna maɓallin mai hoton taga tare da harafin L. Allon ya kulle ke nan sai da kod.

To, in kwamfutar ta maigida ce fa, ko ta gidan duka? Ba za ki ce ya sauka daga matsayinsa ba, kada gyara ya zama rigima. Nan ne kwaɗo na biyu ke shigowa, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci: kulle fishiyen kanta. A Excel ki shiga Fichier, sai Informations, sai Protéger le classeur, ki zaɓi Chiffrer avec mot de passe. A Word ma hanyar kusan ɗaya ce. Wannan yana dagula rubutun gaba ɗaya, ko an kwafe fishiyen an kai wata na'ura, ba ta buɗuwa sai da kalmar sirri. Ki lura, akwai wani mai kama da shi, Protéger la feuille. Shi hana gyara kawai yake, amma kowa na iya karantawa. Sakatariyar wata ƙungiya ta yi wata shida tana zaton ta kulle, ashe ƙofa a buɗe take, labule kawai ta saki.

Kullen fishiye ne kuma ke tsare ki ranar da na'ura ta lalace. Kod ɗin shiga Windows ba ya hana wanda ya kwance kwamfuta ya cire rumbun ajiyarta ya karanta a wata. Ban ce masu gyara ɓarayi ba ne, amma su ma suna da fada, suna da baki.

Maganar kalmar sirri kuwa, don Allah a bar 1234, a bar sunan auta, a bar lambar salula. Waɗannan su ne farkon abin da ɗan gida zai gwada. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangi da juna, ki sa lamba a tsakani. Ki kauce wa masu ƙ da ɗ da ɓ, don maɓallan da muke da su na Faransanci ne, babu su a kai, za ki sha wuya. Kuma ki san wannan da kyau: in kika manta kalmar, ko kamfanin Microsoft ba ya buɗe miki. Mu abin da muka yi, na rubuta ta a takarda, muka sa cikin ambulan muka liƙe, muka jefa cikin akwatin asusu. In na manta, ko Allah ya yi mini rasuwa, sai mata uku sun taru kafin a gan ta. Duk ranar da aka yage ambulan, a ranar ake canza kalma.

Sauran ƙananan ramuka ne, amma ta nan ɓera ke shiga. Abin da kika goge yana zaune cikin Corbeille har sai kin zubar. Hotunan katin ɗan ƙasa da mata ke turo miki don takardun bashi suna taruwa cikin Téléchargements, kowa na gani. Su ba Excel ba ne, sai a tara su a ƙulle da 7-Zip, kyauta ake samunsa kuma yana karɓar kalmar sirri. In kin taɓa buɗe WhatsApp ɗinki a kwamfuta, ki duba cikin salula ki fitar da shi, in ba haka ba saƙonninki na ci gaba da sauka a falo. Ki ajiye kwafin fishiyen da aka kulle a kile ta dabam, wadda ba ta zuwa siber. Wadda ke yawon siber ita ke kwaso cutar nan da ke maida dosiye duka raccourci. Takardar da aka buga ta lalace kuwa a ƙone ta. Da idona na ga lissafin wata ƙungiya an naɗe ƙosai da shi.

Ƙasarmu ma tana da doka tun 2017 kan tsare bayanan mutane, har da hukumar da ke lura da ita. Wato sunan mace da bashinta ba kayan wasa ba ne ko a wajen gwamnati.

Maƙwabciyata ta biya jikka 40 ɗinta daidai wa'adi, yadda ta yi Allah kaɗai ya sani. Na ba ta haƙuri a gaban taro, na faɗi abin da ya faru ban rage ba. Ita ce ma ta kawo shawarar da ta fi tawa duka. Ta ce me ya sa sunayenmu za su shiga na'ura tun farko? Yanzu kowace mace lamba gare ta. A kwamfuta za ki ga 7 ta ɗauki jikka 25, 19 ta biya tara, ba suna ko ɗaya. Takardar da ke faɗin wace ce 7 tana cikin akwati tare da ambulan. Da muka sake zaɓe bayan rabon bara, ita aka ba makulli na biyu.