Kotun Waya: Abin Da Taron Dangi Kan Rahama Sadau Ya Haifar

A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori 'yar wasa Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun rungumi juna. Kafin ƙungiyar ta zauna, Facebook da Twitter sun riga sun yanke hukunci. A Nuwamba 2020 aka sake yi mata ca kan wasu hotuna, bayan wani ya yi ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ƙarƙashinsu. Ta goge hotunan, ta nesanta kanta da maganar, ta fito tana kuka tana neman afuwa, amma wutar ba ta mutu da wuri ba.

Masu goyon bayan irin wannan caccaka suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Fim yana shiga har ɗakin matan aure, yara na kwaikwayon abin da suka gani, iyaye da yawa kuma na ganin hukuma ba ta motsi sai jama'a sun tada jijiyar wuya. A wurinsu wannan hani ne da mummuna. Ga waya ta yi araha, kowa ya samu bakin magana, shafin da ya fi zafin harshe kuma shi ke tara mabiya.

Damuwata ita ce hukuncin ba shi da ma'auni. Alƙali yana sauraren ɓangare biyu, ya yanke wa'adi. Taron intanet ba ya tambaya, ba ya kuma sanin ranar da horo ya ƙare. Sannan sandar ta fi sauka a kan mata. Tun rikicin bidiyon 'yar wasa Maryam Hiyana na 2007, wanda ya jawo wa masana'antar gaba ɗaya takunkumin hukumar tace fina-finai ta Kano, sunan macen ake riƙewa, na namijin ya bi iska.

Korar ma ba ta yi aikin da aka so ba. Rahama ta samu kasuwa a fina-finan Kudu, ta shirya fim ɗin Rariya a 2017, ta kai har Indiya a fim ɗin Khuda Haafiz 2 a 2022. Ita tana da suna da hanyar fita. Ƙaramar 'yar wasan da fim ɗin Hausa kaɗai ke ciyar da ita, in aka yi mata irin wannan rubdugu, furodusoshi kan daina kiranta, kuɗin haya ya gagara, dangi su shiga jin kunyarta a unguwa.