Ɓeran Masar ɗin yaro da ya tona ciwon uwa: maƙoƙo, bugun zuciya da haɗarin maganin kemis

 Yau zancen ƙaramar dabba za mu yi, sai dai zancen zai dawo kanmu.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu a nan Maiduguri da ɗanta, ɗan kimanin shekara tara, rungume da kwali. Ta ce, "Likita, ba ni amoxicillin na ruwa, na yara." Na tambayi wane ne ba lafiya. Yaron ya buɗe kwalin ya ce, "Anti, ɓeran Masar ɗina ne. Yana cin abinci fiye da da, amma kullum ramewa yake yi, gashinsa kuma na zuba." Na ce da ita, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan maganin ba zan sayar miki saboda shi ba."

Ga dalilina, kuma ka riƙe shi da kyau idan kana da irin wannan dabba a gida. Magungunan dangin penicillin, irin su amoxicillin, ampicillin da Ampiclox, har da erythromycin, guba ne ga ɓeran Masar. Suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, masu cutarwa su samu fili su yaɗu, sai gudawa ta kama shi, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Maganin da ya warkar da ɗanka na iya halaka dabbarsa.

Duk da sunansa, ɓeran nan ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wurare masu sanyi irin na ƙasar Peru. Shi ya sa zafin Maiduguri ke wahalar da shi. Da zarar zafi ya kusa digiri 30 ya fara galabaita, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu mukan haura 40. Kada a ajiye kejinsa a rana ko ƙarƙashin kwano, kuma kada ruwan sha ya yanke masa.

Akwai wani nau'i marar gashi da ake gani a hotunan Facebook da TikTok, har yara su nace sai an nemo musu. An fara samunsa a 1978 a cibiyar bincike ta Armand-Frappier da ke yankin Montreal a ƙasar Kanada, kuma masu binciken cututtukan fata sun daɗe suna amfani da shi. Gashi kaɗan yake da shi a hanci da ƙafafu. Da yake ba shi da rigar da za ta riƙe masa ɗumi, yana cin abinci fiye da mai gashi, rana na ƙona fatarsa, sanyin hunturu na dare na takura masa, ƙaramin ƙarzuwa kuma kan zama gyambo. Shawarata, kada ka sayo shi don burgewa.

Amma ka lura: in ɓera mai gashi ne ya fara sanƙo, ciwo ne. Yawanci ƙananan ƙwarin fata ne ko makero, kuma makero na kama yara masu rungumarsa. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada a kwana da shi a shimfiɗa ɗaya.

Wani abin da ya haɗa mu da wannan dabba shi ne bitamin C. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya haɗa shi da kansa, sai daga abinci. A jikinsa ne ma masana biyu a ƙasar Norway, Holst da Frølich, suka ga ciwon rashin wannan sinadari a 1907. Alamunsa su ne kumburin gaɓoɓi, ɗingishi, jini a dasashi da ƙin cin abinci. A ba shi busasshiyar ciyawa mai tsabta kullum, domin haƙoransa ba sa daina girma, sannan a ƙara masa koren tattasai ko ɗan yankin gwaba. Dusa kaɗai ba ta isa. Ban da albasa da ɗanyen dankalin turawa.

Mu koma kan ɓeran yaron nan. Cin abinci da yawa tare da ramewa, musamman ga wanda ya haura shekara uku, na sa a zargi tayirod, wato ƙaramin sashen jiki da ke gaban maƙogwaro, wanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. In ya yi aiki fiye da kima, dabbar na rashin natsuwa, tana yawan shan ruwa, wani lokaci a ji ƙulli a wuyanta. Zuciya ce ke biyan kuɗin: tana bugawa da sauri dare da rana har ta gaji. Alamun gajiyar zuciya su ne numfashi sama-sama, kasala da dasashi ya koɗe. Tunda ɓeran Masar gwani ne wajen ɓoye ciwo, a riƙa auna shi kowane mako da sikelin kicin. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200. Na tura su Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Maiduguri, domin auna magani ga dabbar da nauyinta bai wuce na mudun gero ba aikin likitan dabbobi ne.

Ina cikin wannan bayani sai na ga uwar ta yi shiru. Can ta ce, "Likita, ni fa duk abin da kika lissafa ina jinsa. Ina ci amma zanena na kwancewa, gabana na faɗuwa ba dalili, ga zufa ko da fanka, barci ya ƙaurace." Ta sha maganin maleriya da na taifod ba adadi, wasu sun ce damuwa ce, wasu sun ce iska. Na sa ta miƙe hannuwa, yatsunta na rawa. Na ce ta je asibiti a yi mata gwajin jini na TSH da T4. Bayan mako biyu ta dawo da takardar likita: tayirod ɗinta ne ya yi yawan aiki.

Uwargida, wannan ciwo ya fi kama mata. Wani lokaci yana zuwa da maƙoƙo a wuya ko fitowar idanu, wani lokaci babu ko ɗaya. In aka bar shi, yana rikita bugun zuciya, yana raunana ƙashi, yana jawo ɓari. Akwai kuma kishiyarsa, inda tayirod ke yin kasala: ƙiba ba dalili, jin sanyi, bushewar fata da hanji, da yawan gajiya. Duka biyun suna da magani, kuma ana duba su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Ga abin da nake gaya wa masu karɓar maganin a wurina. Mai shan carbimazole, in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ki, ki dakata da shi ki je a auna jininki a ranar, domin yakan rage sojojin jini. Ki sanar da likita in kina da ciki ko kina shirin ɗauka. Mai shan levothyroxine, ki sha da safe kafin karin kumallo da akalla rabin awa, ki raba shi da maganin ƙarin jini da na ƙashi da awa huɗu. Kada a daina don an ji sauƙi.

Game da maƙoƙon da rashin aidin ke jawowa, rigakafinsa na cikin kicin ɗinki. Tun shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Ki sayi na leda mai tambarin NAFDAC, ki adana shi a rufe nesa da murhu da damshi.

Hajiyar nan yanzu tana kan magani, kuma ta ce barci ya dawo. Yaron kuwa yakan leƙo ya gaya mini nauyin ɓeransa, ya rubuta shi a bayan littafin lissafi.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.