Kitsen Da Ke Kewaye Da Zuciya

Maigida, in ka taɓa tsayawa ana feɗe rago, ka ga kitsen da ke manne da zuciyarsa. To, ta mutum ma haka take. Kaɗan ba laifi, amma in ya yi kauri, cuta ne.

A shekarar 1953 wani likita a ƙasar Suwidin, Inge Edler, ya fara duban zuciya da na'ura mai aika sauti cikin ƙirji. Yau da irinta ake auna kaurin kitsen nan, ba allura, ba zafi.

Likitoci sun lura kitsen ya fi kauri ga masu ciwon sukari, balle masu teɓa. Zuciyarsu takan yi tauri, ba ta sakewa ta cika da jini sosai. Daga nan sai haki da kumburin ƙafa.

Na'urar sai babban asibiti, amma rage kitsen yana hannunka. Rage sukari, da lemon kwalba, da soye-soye. Yi tafiyar rabin sa'a kwana 5 a mako. Kada ka bar maganin da likita ya ba ka. In haki ya soma, je ɗakin shan magani a tura ka gaba. Rigakafi ya fi magani.